Yadda Ake Tsara Babban Hoton Mutum a Takarda Kafin a Taɓa Fenti

Tambayar da masu koyon zane suka fi damuna da ita guda ce: me ya sa mutum zai zana fuska a ƙaramar takarda ta fito kamar an tsaga kara, amma da zarar an ba shi kanbas, wato yadin da ake zanen fenti a kai, mai tsayin mutum sai kamanni su gudu? Kai ya yi girma, kafaɗa ta karkace, hannu ya rasa wurin zama, ƙafa ta faɗa waje. Laifin ba na hannu ba ne. Idon mai zane ba ya iya ɗaukar babban fili gaba ɗaya alhali yana tsaye dab da shi da buroshi. Saboda haka duk wata shawara mai nauyi a takarda ake yanke ta, inda kuskure bai wuce a goge ba. Ga yadda ake bi daki-daki. Zan yi misali da hoton dattijo a zaune cikin babbar riga da rawani, a kanbas mai faɗin santimita 120 da tsayin 180.

1. Kayan da za ka tanada

Fensir iri biyu: HB na layi, da 4B ko 6B na inuwa. Gawayin zane mai laushi, wanda ke kakkaɓuwa da tsumma. Abin goge fensir, rula ƙarama, dogon katako miƙaƙƙe da zai tsaya a matsayin babbar rula, tef na awo irin na tela ko kafinta, zare mai kauri, alli, allura, madubi, da tef mai manne takarda. Takarda kuma iri uku: ta banza don ƙananan gwaje-gwaje, mai kyau girman A3 don zane na ainihi, da babbar takarda mai ruwan ƙasa irin ta naɗe kaya idan za ka yi zane mai cikakken girma.

Duk waɗannan idan ka haɗa kuɗinsu ba su kai na kanbas ɗaya da fentin mai masu kyau ba. Inda tsadar take shi ne lokacinka. A nawa aikin, kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanakin babban hoto a takarda suke ƙarewa, don haka ka sa waɗannan kwanaki cikin lissafi tun ranar ciniki. Kada ka yi wa mai aiki kuɗin fenti kawai sannan ka zo kana gaggawa a matakin da ya fi ko wane muhimmanci.

2. Ka ga bangon tukuna

Kafin ka ja layi ko ɗaya, je ka ga inda za a rataye hoton. Zaure ne, ko falo, ko ɗakin taro? Daga nisan taku nawa za a riƙa kallonsa? Ta ina haske ke shigowa? Auna bangon, ka auna ƙofar da hoton zai bi ya shiga, domin an sha gama aiki a zo ƙofa ta hana.

Abu biyu wannan ziyara za ta faɗa maka. Idan taga tana hagu da bangon, ya fi kyau hasken cikin hoton ma ya zo daga hagu, sai ya zauna da ɗakin kamar a nan aka haife shi. Idan kuma za a ɗaga hoton sama sosai, mai kallo daga ƙasa zai ga ɓangaren sama ya takure, don haka za ka ɗan ƙara wa kai da ƙirji tsayi kaɗan. Kaɗan fa na ce.

3. Tara abin da za ka kalla

Idan mai hoton yana raye kuma zai iya ba ka ko da minti 30, roƙe shi ya zauna. Gani ya kori ji, kuma ya kori hoton waya. A zaman nan za ka lura da yadda yake karkata kai idan yana sauraro, da inda yake ajiye hannu, da idon da ya fi ɗan'uwansa runtsewa. Waɗannan su ne kamanni, ba tsayin hanci kaɗai ba.

Ɗauki hotuna da yawa: gaba, gefe, tsaka-tsaki, hannuwa su kaɗai, aikin wuyan riga shi kaɗai, naɗin rawani ta ɓangarori.

Gargaɗi: kada ka ɗauki fuska da waya dab da ita. Kyamara idan ta matso tana kumbura hanci, ta ƙanƙantar da kunnuwa, ta janye gefen fuska baya. A ƙaramin allo ba a lura, amma idan ka faɗaɗa shi sau shida iyalin gidan za su ce wannan ba babansu ba ne, kuma ba za su iya faɗa maka dalili ba. Ja baya kamar mita 2 zuwa 3, ka riƙe wayar daidai tsayin idonsa, sannan ka jawo hoton. Ka guji tsakar rana, lokacin da hula ko rawani ke jefa baƙar inuwa a kan idanu. Hantsi ko la'asar a bakin ƙofa, haske na shigowa ta gefe ɗaya, shi ne ya fi fito da siffar fuskar baƙar fata.

Idan marigayi ne, sau da yawa tsohon hoto ɗaya za a miƙa maka, wataƙila ma na fasfo. Nemi ɗa ko ƙane mai irin jikinsa ya sa kayan ya zauna maka, ka ɗauki jiki daga gare shi, fuska daga tsohon hoton. Amma ka daidaita hasken zaman da na tsohon hoton, in ba haka ba kai zai fito kamar an ɗora shi a jikin wani.

4. Ƙananan gwaje-gwaje

Nan ne akasarin matasa ke tsallakewa, kuma nan ne hoto ke samun girmansa ko ya rasa shi. Ja ƙananan akwatuna a takardar banza, ko wanne santimita 4 da 6, wato siffa ɗaya da kanbas ɗinka. A cikin ko wane akwati ka gwada tsari dabam cikin minti biyu ko uku. Babu ido, babu hanci, dunƙule-dunƙule kawai: ga kai, ga tulin riga, ga kujera, ga duhun baya. Yi 10 ko 12. A ɗaya ya fuskanto ka sak, a wani ya ɗan juya, a wani hannu a gwiwa, a wani riƙe da carbi ko sanda, a wani ka sauke kai ƙasa ka bar fili a sama.

Kada ka yarda da tsarin farko da ya zo maka, domin yawanci shi ne wanda kowa zai yi. Mai zanen Faransa Ingres, da yake shirin hoton wani mai gidan jarida, Louis-François Bertin, wanda ya gama a 1832, ya fara gwada mutumin a tsaye a zane-zanensa na shiri. Daga baya ya zaunar da shi a kujera, hannuwa biyu dafe da gwiwoyi, kuma wannan zama ne ya ba hoton kwarjinin da ya sa har yau ake tsayawa gabansa a gidan tarihi na Louvre. Da a kan kanbas ya yi ta wannan laluben, da fenti nawa zai kankare?

Abin da za ka duba a gwaje-gwajen: ina ido ke fara sauka? Ya kamata ya sauka a fuska. Farar babbar riga tana da ƙwace, tana iya cinye hoton duka ta bar fuska a duhu. Magani shi ne ka jefa ƙasan rigar cikin inuwa, ka bar haske mafi ƙarfi a kusa da kai da kafaɗa. Ka kuma lura kada gefen kanbas ya yanke mutum daidai gaɓa, kamar wuyan hannu ko gwiwa ko idon sawu.

5. Zanen kai shi kaɗai

Bayan ka zaɓi tsari, ɗauki takarda mai kyau ka zana kai kaɗai, girman tafin hannu ko sama da haka. A nan za ka zauna, kwana ɗaya ko biyu ba asara ba ne.

Fara da siffar ƙoƙon kai, da layin tsakiya da ke bi ta goshi zuwa haɓa, da layin idanu. A babban mutum idanu suna wajen tsakiyar kai ne, tsakanin ƙololuwa da haɓa. Masu koyo kan ɗaga su sama, musamman idan rawani ya rufe goshi, saboda sun manta akwai kai a ƙarƙashin naɗin. Zana kan duka babu rawani tukuna, sannan ka naɗa masa. Tsakanin ido da ido kamar faɗin ido guda ne. Waɗannan ma'aunai na kowa ne, amfaninsu shi ne su nuna maka inda mutuminka ya saɓa musu, domin a wannan saɓanin kamanninsa suke.

Sai inuwa. Kasa fuskar gida uku kawai: haske, tsaka-tsaki, duhu. Fatar baƙin mutum tana ɗaukar hasken abin da ke kewaye da ita. Farin rawani da farar riga suna mayar da haske ƙarƙashin haɓa da gefen kunci. Sa alama a wuraren, ka rubuta a gefen takardar abin da ka gani: nan ja-ja ne, nan akwai shuɗi-shuɗi, gemu furfura ta fi yawa a hagu. Hans Holbein, mai zanen fadar Ingila a zamanin Sarki Henry na 8, haka yake yi, yana rubuta launi da irin yadi a jikin zanen shiri don kada ya dogara da tuni.

Gargaɗi: ido yana sabawa da kuskurensa. Duk bayan ɗan lokaci ɗaga zanen gaban madubi. Karkatar baki ko idon da ya fi ɗan'uwansa hawa, wanda ka yi awa biyu ba ka gani ba, nan take zai bayyana. Sannan ka nuna wa wani yaro na gidan ba tare da ka faɗa masa kowane ne ba. Idan ya ambaci sunan, ka wuce gaba. Idan ya yi shiru yana kallo, sake zama.

6. Hannuwa da tufafi

Hannu shi ma zanensa dabam, domin bayan fuska shi ne abin da ake kallo. Tsayin hannu daga wuyansa zuwa kan doguwar yatsa ya kusa tsayin fuska daga haɓa zuwa gaban goshi. Akasari ana ƙanƙantar da shi.

Babbar riga kuwa tarko ce. Idan ka bi ninki-ninkinta ba ka san inda kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa suke a ciki ba, za ta fito kamar tanti da aka ɗora wa kai. Zana jikin a sauƙaƙe, sannan ka yafa masa rigar, ka zaɓi manyan ninki huɗu ko biyar ka watsar da sauran. Aikin wuya, aska biyu ne ko aska takwas, zana shi a shimfiɗe a wata takarda don ka fahimci tsarinsa, kafin ka lanƙwasa shi bisa ƙirji. Su kansu masu ɗinkin hannu ba sa soka allura sai an zana musu fasalin a jikin yadin.

7. Haɗa zane na ainihi

Yanzu ka haɗa komai a takarda guda mai siffar kanbas ɗinka daidai. Ga namu misali, ja akwati mai santimita 20 da 30. Ko wane santimita 1 a nan zai zama 6 a kanbas. Takardar A4 ba za ta ɗauka ba, tsayinta 29.7 ne, shi ya sa na ce A3.

Gargaɗi: wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata aiki. Idan siffar takarda da ta kanbas suka bambanta ko da kaɗan, mutum zai fito a miƙe ko a daddaƙe, kuma babu gwanintar fenti da za ta gyara. Ga gwaji mai sauƙi: ɗora akwatin zanenka a kusurwar ƙasa ta hagu na kanbas, ka ja zare daga wannan kusurwa zuwa ta sama ta dama. Idan zaren ya bi ta kan kusurwar akwatin, siffa ɗaya ce. Allon filawud mai ƙafa 4 da 8, alal misali, tsayinsa ninki biyu ne na faɗinsa, don haka zanensa zai zama 15 da 30, ba 20 da 30 ba.

Daga nan yi ɗan ƙaramin gwajin launi a kwali, da fentin da za ka yi aikin da shi. Ba kamanni ake nema ba, a ga dai ko launin baya yana ɗaga fuska ko yana danne ta.

8. Nuna wa mai aiki

Kai masa zanen ainihi da gwajin launi, ya kira waɗanda zai kira su gani. Duk mai cewa a rage kumatu, a ƙara tsayin rawani, a cire tabarau, yanzu ne lokacinsa, tun ran gini tun ran zane. Idan an amince, ya sa hannu a bayan takardar da kwanan wata. A nan ne kuma ya dace ka karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kanbas da fenti, kuma ka faɗa a fili cewa canjin tsari bayan yau aiki ne sabo da kuɗinsa.

9. Ɗaukar zane zuwa kanbas

Sai kanbas ya sha farin shafe ya bushe sarai. Hanya uku ce.

Ta farko, gidan dara, wato raba takarda da kanbas gida-gida da layuka, ita ce na fi ba da shawara domin ba ta buƙatar lantarki kuma tana koya wa ido awo. Tsohuwar hanya ce, masu zanen bangon Masar na zamanin Fir'auna ma da ita suke daidaita jikin mutum. Kada ka ja layi a kan zanenka na ainihi. Yi masa fotokwafi, ka tabbatar injin bai rage ko ƙara girma ba ta hanyar sake auna akwatin. A kan kwafin ja layuka tazarar santimita 2: gida 10 a kwance, 15 a tsaye, jimla 150. A kanbas ko wane gida santimita 12 ne. Sa alamomi a gefuna huɗu da tef na awo, ka haɗa su da dogon katako, ko ka shafa wa zare alli mai launi ka ɗaure shi tam ka fizge shi kamar yadda magina ke yi. Sa wa gidajen lamba ta gefe, haruffa ta sama, iri ɗaya a takarda da kanbas. Tsallake gida guda wajen ƙirga ya isa ya sauke kafaɗa ɗaya ƙasa da 'yar'uwarta.

A wurin fuska, raba ko wane gida huɗu, har ka ƙara da layin kusurwa zuwa kusurwa idan ya kama. Dalili kuwa, kuskuren milimita 1 a takarda milimita 6 ne a kanbas, kuma milimita 6 a kusurwar ido ko gefen baki ya isa ya mayar da mutum wani dabam. Fara da sa ɗigo a inda layin zane ya ƙetare layin gida, sannan ka haɗa ɗigogin da hannu a sake. Kada ka cika gida ɗaya tsaf kafin ka matsa na gaba, sai zanen ya fito a kakkarye.

Ta biyu, huda. Za ka yi zanen da cikakken girmansa a babbar takarda, ka haɗa fallaye da tef idan guda bai isa ba. Shimfiɗa ta a kan bargo, ka bi layukan da allura kana hudawa, tazara kaɗan-kaɗan a fuska, da faɗi a riga. Manna ta a kanbas, ka ƙulla garin gawayi a tsumma mai shara-shara, ka riƙa bubbuga shi bisa hudojin. Da ka ɗaga takardar za ka ga zanen a ɗige-ɗige. Ita ce ta fi dacewa da bango, ko idan an ce a yi hoton mutum guda har sau biyu ko uku. Da irin wannan babban zane Holbein ya yi hoton Henry na 8 a bangon fadar Whitehall a 1537, tare da mahaifinsa Henry na 7 wanda ya rasu tun 1509. Gobara ta cinye bangon a 1698, amma wani ɓangare na takardar, mai tsayi sama da mita 2 da rabi, yana nan a Landan.

Ta uku, majigi. Tana da sauri, amma idan na'urar ba ta fuskanci tsakiyar kanbas sak ba, sama zai fi ƙasa faɗi ba tare da ka lura ba. Haska akwatin zanen har kusurwoyinsa huɗu su hau kan na kanbas kafin ka fara, kuma ka sa alamar inda ƙafafun teburin suke a ƙasa, saboda idan wuta ta ɗauke ko wani ya ture shi ka iya mayarwa. Zanenka za ka haska, ba hoton waya ba.

Gargaɗi ga duka ukun: kada ka yi amfani da biro ko alƙalamin maka a kanbas, tawadarsu tana ratso fenti ta fito ko bayan an shafe ta. Fensir mai duhu ma yana dagula farin fenti, kuma layukan dara da aka danna da ƙarfi sukan leƙo ta ƙarƙashin farar riga. Gawayi mai laushi ko alli mai launi, da hannu marar nauyi.

10. Ja baya, gyara, sannan ka kafe layin

Jingina kanbas a tsaye, ka koma nisan da za a riƙa kallonsa a ɗakin da ka auna. Riƙe zanen ainihi a hannu ka miƙa shi gaba har girmansa ya yi daidai da na kanbas a idonka, ka riƙa kai ido nan da can. Ɗauki hoton kanbas ɗin da waya ma, domin ƙanƙantar da shi tana tona abin da girma ya ɓoye. Abin da ya yi daidai a takarda wani lokaci yakan nemi ɗan gyara a babba, musamman girman kai da faɗin kafaɗa. Gyara da gawayi, amma ka tsaya ga tsarin da aka sa wa hannu.

Idan ka gamsu, kaɗa tsumma a hankali ka kakkaɓe garin gawayi har sai layin ya rage dishi-dishi. Dama fenti mai ruwan ƙasa ya yi ruwa-ruwa, ka bi layukan da siririn buroshi, ka ɗan shafa manyan inuwoyi da shi. Idan da fentin mai za ka yi aikin, kana iya kafe layin da akirilik, wato fentin da ake damawa da ruwa, domin yana saurin bushewa. Amma kada ka juya, akirilik ba ya kama saman fentin mai. Goge ragowar layukan dara. A lokacin hunturu juya fuskar kanbas ga bango ya kwana, kada ƙura ta manne masa. Zanen kai da na hannuwa da gwajin launi kuma ka manna su a gefen kanbas daidai tsayin ido, domin su za ka riƙa komawa duk lokacin da fenti ya rufe wani layi.